Tsagar da Ta Karkace

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Malama Zulaihatu ta karɓe mini fensir da kilina. Ba da faɗa ba. Da murmushi ta miƙo hannu, ni kuma na ba ta kamar wata sakara. Ta ba ni wannan littafin da biro, ta ce in riƙa rubuta abin da ya faru da abin da na ji a jikina, in na yi kuskure in ja masa layi ɗaya in wuce. Sai da na zo gida na lura ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya ta sa musu lamba. Wato ta san zan yage. Wa ya gaya mata?

Ta ce in fara da ko ni wace ce. To. Ni ce Sadiyatu mai kitso ta Gawon Nama, shekarata arba'in da ɗaya. Ban iya riƙe biro ba sai shekara huɗu da suka wuce, a makarantar matan aure ta bayan masallaci. A hankali nake rubutu, shi ya sa ba na son a gan shi da datti.

Kuma ba ni ce marar lafiya ba. Sau uku na gaya mata. Ɗiyata aka kai asibiti ranar da numfashinta ya sarƙe, likita ya duba ya ce ƙirjinta lafiya, ya tura ta wurin wannan matar da ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya, sai magana. To me ya kawo ni ciki? Ta ce yarinyar ranar Alhamis, ni ranar Talata. Na ce lafiyata lau. Sai ta dubi hannuna. Ashe tun da na zauna nake jera mata takardun teburinta.

Khairiyya. Ga shi na rubuta. 'Yar fari ce, bakina bai taɓa kiran sunan ba, "ke" nake ce mata, ko "yarinya". Amma biro ba ya jin kunya. Shekararta sha biyar. Yau kwananta goma a gidan gwaggonta, Yaya Atika, a Ƙofar Rini. Tun jajibirin Sallah. Ta ce ba za ta dawo ba tukuna. Tukunan nan ne ba wanda ya gaya mini tsawonsa.

Laraba, 9 ga Afrilu, da hantsi

Na yage shafi na uku. Layukan sun hau sama sun gangaro kamar hanyar tururuwa.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan azahar

Yau ranar yarinyar ce a asibiti. Tun safe ina kitso ina tunanin me take gaya wa matar nan a kaina.

Kai uku na yi kafin azahar. Duk Gawon Nama an san tsagata. Amare har daga Mabera suke zuwa, su zauna jiran layi cikin wannan zafin. In tsaga ta kauce ko da kaurin tsinken tsintsiya ne, tsefewa nake in sake, ko da na kai ƙeya. Shekara ashirin da biyar ba wadda ta taɓa kiran wannan ciwo. Yabona ake yi da shi. Yanzu kuma an samo masa suna a asibiti.

Maigida ya kira daga hanya, yana bin motar albasa zuwa Kudu. Ya ce, "Ki bar ta ta huta wurin Yaya." Na ce, "Ta huta daga mi?" Da na sake tambaya ya ce ba ya jina sosai. Yana jina.

Turmin nan da ke zama mini a ƙirji ya dawo. Malama ta ce in ya zo in shaƙi iska ina ƙirga huɗu, in sake ta ina ƙirga shida. Shekara arba'in da ɗaya ina numfashi, sai bana za a koya mini.

Asabar, 12 ga Afrilu, da yamma

Na je Ƙofar Rini. Na ɗauki man zaitun da habbatus sauda da manyan ɗankwalaye biyu da na goge da kaina.

Yaya Atika ta tarbe ni a tsakar gida, ta leƙa ledar, ta ce, "Sadiya, duk wanga kaya na kai na. Wagga yarinya ba kanta ka ciwo ba."

Na ce na sani.

Ta ce, "Da kin sani da dambu kinka kawo."

Yarinyar ba ta fito ba. Tana ɗaki da 'ya'yan Yaya. Tsakar gidan nan Allah kaɗai ya san rabonsa da tsintsiya, ga kwanonin rana ba a wanke ba, ga kaji a kan tabarma. A nan wai take hutawa. Ina zaune sai na ji dariyarta ta cikin labule. Na yi ta ƙoƙarin tuna rabon da in ji ta a gidana, ban tuna ba.

Takalmanta na ƙofar ɗakin, ɗaya nan, ɗaya can a kife. Da zan fita na duƙa na haɗa su. Ban ma san na yi ba sai da na ɗago na ga Yaya tana kallona.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Malama ta buɗe littafin, ɗaya, biyu, sai biyar. Ta ce, "Ina uku da huɗu?"

Na ce layin ne ya karkace.

"Da na gan shi a karkace, me zai faru?"

"Ki ce jahila ce."

"To a ce na faɗa. Sai kuma me?"

Sai kuma me, sai kuma me. Haka ta yi ta bi na da shi kamar mai tsefe kai, tana ja kaɗan-kaɗan, har na tsinci kaina ina ba ta labarin da ko maigida ban taɓa ba shi ba.

Ranar da na kai yarinyar aji ɗaya, aka ce iyaye su sa hannu a babban littafi. Matan da ke gabana kowa ta karɓi biro. Da aka zo kaina, malamin ko tambayata bai yi ba. Kallo ɗaya ya yi mini, ya turo tawada, ya ce in dangwala. Yarinyar na riƙe da hijabina tana kallo. Kwana uku shuɗin bai fita daga yatsana ba, har da toka na goge. A ranar na ce ba mai yi wa ɗiyata wannan kallon in dai ina raye.

Tun daga lokacin nake duba littattafanta kullum. Ban iya karanta abin da ke ciki ba, amma na iya ganin datti. In na ga an soke wani wuri, sai in sa ta sake kwafe shafin gaba ɗaya. Ta fi kowa kyan rubutu a ajinsu. Na gaya wa Malama haka. Ta ce ta gani.

Sannan ta ba ni aikin gida. Wai a cikin makon nan in bar tsaga ɗaya a karkace a kan wata, da gangan, kada in gyara.

Na ce, "Sana'ata kike so ki kashe?"

Ta ce, "Guda ɗaya. A ƙeya, inda ɗankwali ke rufewa. Ki zauna ki ga abin da zai same ki."

Ita kanta Malamar, ta ƙasan mayafinta na hango, duk wadda ta yi mata kitson nan ba ta tsoron Allah.

Laraba, 16 ga Afrilu, da azahar

Na gwada a kan wata mai shuku. Na karkata, na kitsa rabi, na tsefe. Ta ce lafiya? Na ce kibiya ce ta zame.

Juma'a, 18 ga Afrilu, bayan magariba

Iyatu, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, ta shigo ɗibar wuta. Na ba ta labarin aikin da aka ba ni don in samu mai taya ni jin haushi. Sai ta kwashe da dariya har da tari.

"To ga kaina, ɓata shi! Wa ka dubi nai? Malam shekara tai tara cikin ƙasa."

Ta zube a gabana ta tuɓe ɗankwali. Furfurar ba ta da yawa, kalaba shida na yi mata. A ta huɗu na karkata kibiya. Ji na yi kamar na ɗebi gishiri na zuba a kunun mutane ina sane. Na kitse. Ta ɗaura ɗankwalinta ta ɗauki wutarta ta fita tana cewa Allah shi ba likita lada.

Abincin rana bai shiga ba. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Duk inda na duba tsagar nan nake gani. Ana gama la'asar na sa kibiya cikin hijabi na shiga gidanta.

"Iya, kawo in ɗan taɓa miki wurin nan. Yanzu-yanzu."

"Wallahi ba ki taɓa shi. Likita tac ce a bari, an bari. Zamna nan."

Na zauna a bakin tabarma. Turmin ya danne mini ƙirji. Ita kuwa ta jawo ƙwaryar fura tana sha a hankali, tana ba ni labarin akuyarta da ta ci sabulu. Na fara ƙirgan nan, huɗu, shida, huɗu, shida, don kada in fizge mata ɗankwali. Kafin ta kai ƙarshen furar, turmin ya ɗan ɗaga.

Ta leƙo fuskata. "Kin mutu?"

Na ce a'a.

"To tahi gida, Sadiya, tuwonki na ƙuna."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, abin ya yi aiki.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da safe

Iyatu ta je suna jiya ta tuɓe ɗankwali a gaban mata tana cewa ku zo ku ga kitson likita. Yau mutum biyar ke jirana a zaure. Ba wadda ta fasa zuwa. Ban san ko in ji daɗi ko in ji haushi ba.

Talata, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

"Maman Khairiyya" Malama ta kira ni yau. Na ce mu ba a kiranmu da ɗan fari. Ta ce ta sani, ita ma uwarta ba ta kiran sunanta. Ta ce, "Amma in na yi abin kirki ina gani a fuskarta. Ita Khairiyya a ina take gani?"

Na ce ai ta sani.

"Ta yaya?"

Na ce ina ciyar da ita, ina tufatar da ita, ina tashi tun asuba in goge mata kayan makaranta. Ba a yabon ɗan fari, kai yake kumbura. Haka aka yi mana.

Ta ce, "Kunya ta hana ki kiran sunanta, ta hana ki yabonta. Ta hana ki gyara mata?"

Na ce rana ta yi, ina da masu jira. A cikin napep na samu amsoshi har uku masu kyau, ba amfani.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan azahar

Ba wanda ya aike ni. Na san ƙarfe sha ɗaya suke fitowa, sai na je na tsaya ƙarƙashin dogonyaron bakin asibitin. Tun jiya nake bitar abin da zan ce: "Sannu, ya jikin?" Shi ke nan. Ko aku zai iya.

Suka fito, yarinyar da Yaya Atika. Ta ɗan yi ƙiba. Ta gan ni ta tsaya, ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Inna." Hijabinta duk ya tattare, kamar daga ƙarƙashin filo aka zaro shi.

Na buɗe baki na ce, "Ba dutsen guga a gidan gwaggonki?"

Hannunta ya shige cikin hijabin, ya haura gefen kanta. A gabana. Na ga gwiwar hannun tana motsi.

Yaya ta kama wuyan hannun ta sauke shi a hankali, ta ce mini, "Sannu da ƙoƙari, Sadiya." Ta tsayar da napep suka tafi.

Ya jikin. Ya jikin. Ya jikin. Ga shi nan na iya rubutawa.

Asabar, 26 ga Afrilu, da hantsi

Na tsefe wa wata amarya kai sau biyu, har ta yi ƙwalla. Ba abin da ya sami kitson.

Talata, 29 ga Afrilu, da azahar

Ban je ba.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan la'asar

Malama ta kira ni a waya. Na ce zazzaɓi. Ta ce Allah ya sawwaƙe, ta ji labarin dogonyaro, Yaya Atika ta kira ta.

Na ce to ta gani, ba amfanin zuwana. Mako uku ina numfashi ina ƙirge, na ɓata kan tsohuwa, ga abin da bakina ya yi. In dai ba zan iya yi daidai ba gara in bari.

Ta ce, "Wato shi ma wannan so kike ki yage shi kamar shafi na uku."



Ta ce an yi kuskure, a ja masa layi a ci gaba. Ta ce Khairiyya ta yarda mu zauna mu uku ranar Talata, in na yarda. Ita ta yarda? Bayan abin da na yi? Na tambaya sau biyu. Ta ce yarinyar ce ma ta ce a tambaye ni.

Maigida ya dawo da yamma. Ya biya Ƙofar Rini kafin ya iso gida, har sun ci abinci tare. Ya ce tana gaishe ni. Ban sani ba ko ita ta faɗa ko shi ya ƙara.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Na shiga share ɗakinta. Kullum ina sharewa ko da ba mai kwana ciki, amma yau na jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado. A bayansa akwai gwangwanin madara.

Na buɗe. Na rufe. Na sake buɗewa.

Gashi ne. An ƙulla shi ƙanana-ƙanana da baƙin zarena na kitso. Ban ƙirga ba. Wata nawa ke nan? Tun kafin azumi da daɗewa take ce mini ƙawarta ta yi mata kitso a makaranta, ba sai na yi ba. Ni kuwa na ji haushi an fifita hannun wata a kan nawa. Iyakar abin da na ji ke nan. Ni da ke taɓa kan kowa a unguwar nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ta jera su. Kai da kai, jela da jela, ba wanda ya leƙo ya wuce ɗan'uwansa. Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan.

Na mayar da shi inda yake. Na ce wa masu jira ba ni da lafiya. Yau kam ba ƙarya na yi ba.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan azahar

Malama ta daɗe tana cewa in rubuta ranar jajibiri in na shirya. Ban shirya ba.

Mata tara ne a tsakar gida, har da Yaya Atika, kowa na jiran kitson Sallah. Na ce wa yarinyar ta zo ta zauna, ɗiyata ba ta zuwa idi da kitson wata. Ta ce, "Inna, bari sai an watse." Na ce yanzu. Ta riƙe ɗankwalin da hannu biyu. Na fizge.

Wuri uku ne ba gashi. Kowane kamar tafin hannun jariri.

Ba fuskarta na fara kallo ba. Fuskokin matan na bi ɗaya bayan ɗaya.

Sannan na yi magana. Ba zan rubuta ta ba. Akwai sunana a ciki, akwai abin da mutane za su ce. Babu sannu.

Ta shiga ɗaki, can muka ji tana jan numfashi kamar mai shaƙewa. Yaya ce ta ɗauke ta zuwa asibiti. Ni kuma akwai kan da na fara, saura tsaga huɗu.

Na ƙarasa shi.

Wannan ko Malama ban gaya wa ba. Ranar Talata za ta karanta. Hannuna na kan shafin nan tun ɗazu. Lambarsa ashirin da uku.

Talata, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Ban yage ba. Malama ta karanta kafin a shigo da yarinyar, ta rufe littafin ta miƙo mini da hannu biyu. Na fi son a ce ta yi mini faɗa.

Ta kafa doka. Khairiyya za ta yi magana, ni in saurara har ta gama, sannan in maimaita abin da na ji. Ba bayani, ba kare kai. Uwa ce za ta zauna ɗiyarta na magana tana maimaitawa kamar 'yar aji ɗaya. Na ce to.

Kanta na ƙasa yarinyar ta ce, "In na ji takun Inna a ƙofar ɗaki, sai in fara neman abin da ban yi daidai ba. In na samu, in gyara. In ban samu ba tsoron ya fi yawa, don na san yana nan, ni ce ban gan shi ba."

Ta ce, "Da na zo ta biyu a aji, da gudu na dawo gida. Inna ta ce ɗiyar wa ta zo ta ɗaya."

Maganganu suka cika mini baki. Tawadar nan, da asubar da nake tashi, da don wa nake yi. Na ɗaga kai zan fara, Malama ta ɗaga yatsa ɗaya. Na kama ƙarfen kujera. Huɗu, shida.

Na maimaita. Na ce, "Kin ce kina tsorona."

Ta ce, "Ba haka na ce ba, Inna."

Tun da na haife ta ba ta taɓa gyara mini magana ba. Na ji abin har tafin ƙafata. Ta sake faɗa, na sake maimaitawa. Sai a na uku ta gyaɗa kai.

Malama ta ce ko ina da abin ƙarawa, gajere. Na dubi bango na ce, "Ran jajibiri ban kyauta ba." Muryar kamar ba tawa ba. Na so in ƙara, ya ƙi fita. Yarinyar ta yi kuka, Malama ce ta ba ta abin share hawaye, ni ina zaune kamar an dasa ni. Ko wannan ban iya yi da kyau ba.

Yarinyar za ta zo gida ranar Juma'a. Yini kawai, Yaya ta zo ta ɗauke ta da yamma.

Alhamis, 8 ga Mayu, da yamma

Na ce wa kowa gobe ba kitso. Na share ɗakinta sau biyu. Na ɗauki tsintsiya a karo na uku, Iyatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Ƙasar ma kina son ki ƙare ta?" Na ajiye.

Dambu zan yi.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan magariba

Da hantsi Yaya ta kawo ta. Ta gaishe ni, na ce ya jikin. Ya fita. Ta ce da sauƙi. Ta ci dambu, ta zubar da kaɗan a tabarma, na ga ta kai hannu da sauri tana tsincewa tana satar kallona. Na juya na shiga madafa ba tare da ina da abin yi a can ba.

Da maza suka tafi masallaci gidan ya yi tsit. Ina zaune a kujerata ta kitso a inuwa, don ban san wani wurin zama ba. Sai ta jawo tabarma ta zauna tsakanin gwiwoyina, ta ba ni baya. Da hannunta ta kwance ɗankwalin.

Wuraren suna nan. Gashi ya fara tsirowa a kansu, laushi kamar na jinjiri. Akwai na huɗu, sabo, ƙarami, a bayan kunne. Na san ranar da aka yi shi. Na san a gindin wace bishiya.

Na shafa mai. Na ɗora kibiya a goshi kamar kullum, na ja. Tsagar ta yi rabin hanya ta iske wurin farko.

Na san yadda ake yi. In na jawo gashin gefe na ɗaure shi tam, zai rufe wurin, tsaga ta miƙe har ƙeya, ba mai ganewa ko an tuɓe ɗankwali a gidan biki. Na yi wa masu sanƙon gefe ya fi a ƙirga. Sai dai yana ja, kwana uku mutum ba ya iya ɗora kai a filo, kuma sabon tsiron nan ba zai rayu ba. Yatsuna har sun kama gashin. Na ji wuyanta ya sandare tana jira.

Na saki. Na kewaya da kibiya ta gefen wurin, na bar shi a fili.

Haka na yi ta yi. Tsaga ta zo, ta kauce, ta dawo. Sakwa-sakwa na kitsa. Turmin ya zo ya zauna mini, na bar shi ya zauna, ina ƙirge ina kitso. Wajen ta biyar na ji kanta ya yi nauyi a cinyata. Barci. Ba ta taɓa barci a hannuna ina mata kitso ba, don kullum ina ƙwanƙwasa mata kibiya ina cewa daidaita kanki. Ƙafata ta mutu tun daga gwiwa. Ban motsa ba. Sauran ukun a kwance na yi su, yadda kan ya faɗi.

Da ta farka ta ce in ba ta madubi. Ta duba gaba, ta juya gefe, ta daɗe.

"Inna, wannan ta karkace."

"Na gani."

"Wannan ma."

"Duk na gani."

"Ba ki tsefewa?"

Na ce, "Yana miki zafi?"

Ta taɓa, ta ce a'a.

Na ce, "To ya yi."

Ana fitowa la'asar Yaya Atika ta yi sallama, napep na jiranta a waje. Ta dubi kan, ta dube ni. Ta ce, "To, ɗauko hijabinki mu tahi."

Yarinyar ba ta tashi daga tsakanin gwiwoyina ba. Ta ce, "Gwaggo, ba a gama ba. Ki je, sai gobe."

An gama. Ko jela ɗaya ba ta rage ba, ni na ƙulle ta ƙarshe da hannuna. Yaya ma tana gani. Ta ce, "Ai kuwa da saura. A gama lahiya." Ta fita.

Sai gobe ta ce, ba ta ce ta dawo ba. Malama ta riga ta gaya mini hannun nan ba rana ɗaya zai daina hawa kai ba, nawa ma haka. Kuma ba zan yi ƙarya ba, tsaga ta uku tana ci mini rai, in na rufe ido ita nake gani.

Tana ɗakinta yanzu, ina jin tana waya da 'ya'yan gwaggonta. Takalmanta na bakin ƙofa, ɗaya nan, ɗaya can a kife. Tun ɗazu nake kallonsu. Shi ya sa na ɗauko biro, don hannun ya samu abin riƙewa.